Yadda Ake Zaɓar Tsarin Lissafin Ɗigon Gajimare a Manhajar Hasashen Yanayi

Kafin ka kunna manhajar hasashen yanayi irin WRF, ka fara tantance irin gajimaren da kake son kwaikwayo da kuma ƙarfin kwamfutarka, domin su ne za su yanke maka hukunci kan tsarin da za ka zaɓa, wato hanyar da manhajar za ta bi wajen lissafa yadda ɗigon gajimare ke samuwa, ya girma, ya faɗo. Tsarin Kessler na 1969 tururi da ruwan gajimare da ruwan sama kawai yake lissafawa, ba ruwansa da ƙanƙara, saboda haka bai dace da hadarin damina na yankin Sahel ba, wanda samansa ke daskarewa.

Ga irin wannan hadari, gara ka ɗauki tsarin da ke bin diddigin nauyin ɗigo da adadinsu a tare, kamar na Morrison, domin girman ɗigo shi ke nuna saurin faɗowarsa da yawan wanda zai koma tururi kafin ya iso ƙasa. Wannan komawar ɗigo tururi ce ke sanyaya iska, ita kuma iskar ta tura hadarin gaba.

Akwai kuma tsarin da ke kasa ɗigo rukuni-rukuni gwargwadon girma. Ya fi bayyana gaskiya dalla-dalla, amma yana cin lokacin kwamfuta ƙwarai, don haka a ganina a bar shi ga bincike. Duk wanda ka zaɓa, ka gwada sakamakonsa da ma'aunin ruwan sama na tashoshi.