Kafin ka shiga KFC a Ingila

Ɗalibin da ya sauka Ingila bai riga ya sayi tukunya ba, galibi a KFC yake fara cika cikinsa. Kaza ce dai, an santa, kuma hoton dattijon nan mai farin gemu ba baƙo ba ne ga wanda ya zauna Legas ko Abuja, tunda kamfanin ya shigo Najeriya a 2009.

Sunan dattijon Harland Sanders. A 1930 ya fara sayar wa matafiya abinci a wani gidan mai da ke Corbin a jihar Kentucky ta Amurka. Tukunyar matsin tururi ya koma amfani da ita don kaza ta soyu da wuri ba tare da ta bushe ba, ga kuma haɗin kayan ƙamshi 11 da har yau ake ɓoye sirrinsu. Ya sayar da kamfanin a 1964 kan dala miliyan 2, shekara guda bayan nan aka buɗe shagon farko na Ingila a Preston.

Abin da ya fi damuna da sababbin zuwa shi ne zancen halal. Ɗan'uwa, ba kowane reshe ba ne halal, ko da a gari ɗaya suke. Wasu rassa kaɗai ke sayar da kazar da aka yanka bisa shari'a, kuma su ba sa ajiye naman alade. Ka duba jerinsu a shafin kamfanin na intanet, in ka isa ka nemi shaidar a ƙofa ko ka tambayi mai sayarwa kai tsaye, ba abin kunya ba ne. Ka kuma sani ana sumar da kajin kafin yanka. Cikin hukumomin da ke ba da shaidar halal a Ingila, HFA ta yarda da hakan, HMC ba ta yarda ba, don haka ka tuntuɓi limamin masallacin unguwarku tun da wuri.

Wajen zaɓi, Original Recipe, wato kazarsu ta asali, kusan ba ta da yaji. Harshen da ya saba da yajin tsire zai fi jin daɗin Hot Wings, wato fukafukan kaza masu yaji, ko Zinger, wato tsokar kaza mai ɗan barkono a cikin burodi. Ana haɗawa da soyayyen dankali, masara, wake, ko kwaɗon kabeji da karas mai zaƙi-zaƙi. In kuna da yawa ku haɗa kuɗi ku sayi bokitin kaza ɗaya, ya fi sauƙi. A na'urar taɓawa ake yin oda, ka biya da kati, ka jira lambarka ta fito a allo. Da yawa daga cikinmu da ƙullin yaji muke zuwa a jaka.

A Landan akwai wani shagon soyayyar kaza, Chicken Cottage, wanda aka fara a unguwar Wembley a 1994, kuma kazarsa halal ce. Amma da zarar ka samu ɗaki mai kicin, nemi mahaucin halal na kusa da kai. Kuɗin bokiti ɗaya zai saya maka ɗanyar kazar da za ta yi maka miyar kwanaki.