Yadda Za Ka Yi Amfani da Manhajar Motsa Jiki Wajen Shirin Doguwar Tafiyar Keke a Tsaunuka

Doguwar tafiyar keke a tsaunuka, irin wadda ake shirya wa masu sha'awa da ba sana'arsu ba ce, tana cinye wa mutum wuni guda cur a kan sirdi. La Marmotte da ake yi a Faransa tana da tsawon kilomita kusan 174, kuma idan aka tara hawan da ke cikinta yakan kai mita 5,000, ciki har da mashigar Galibier mai tsayin mita 2,642 da hawan ƙarshe na Alpe d'Huez mai kwana 21. Maratona dles Dolomites ta Italiya kuwa kilomita 138 ce, da hawan da ya haura mita 4,000. A irin wannan tafiya, abin da ya fi kayar da mutane shi ne rashin sanin iyakar ƙarfinsu, domin mai keke yakan kashe a dutsen farko ƙarfin da ya kamata ya raba wa duwatsu huɗu. A ganina babban amfanin manhaja irin Strava ko Garmin Connect ko TrainingPeaks yana nan ne: ta nuna maka iyakarka tun kana gida, sannan ta tsare ka a cikinta ranar tafiya.

Ka fara da auna kanka watanni uku ko huɗu kafin ranar, tunda ba a fafe gora ranar tafiya. Idan kekenka yana da na'urar auna ƙarfin taka feda, wadda take ba da lissafi da wat, sai ka nemi hawa mai tsawo ko hanya marar tsaiko, ka ɗumama jiki sosai, sannan ka taka da iyakar ƙarfin da za ka iya riƙewa na minti 20 ba tare da ka sassauta ba. Ka ɗauki kashi 95 cikin ɗari na matsakaicin da manhajar ta nuna, wannan shi ne kimanin ƙarfin da za ka iya riƙewa na awa ɗaya, wanda masu keke suke kira FTP. Wanda ya sami wat 240 a gwajin, nasa ya zama 228 ke nan. Idan ba ka da wannan na'ura, wadda tana da tsada, ɗamarar ƙirji mai auna bugun zuciya ta wadatar, kuma ta fi agogon hannu gaskiya a kan keke, saboda girgizar hanya da sanyi suna rikita agogon. Ka taka da ƙarfi kai kaɗai na minti 30, ka ɗauki matsakaicin bugun zuciyarka na minti 20 na ƙarshe, ka shigar da shi cikin manhajar domin ta tsara maka matakan atisaye a kansa. Kada ka bar ta ta yi maka lissafin nan na cire shekarunka daga 220 don gano iyakar bugun zuciyarka, domin ƙiyasi ne na jama'a gaba ɗaya, kuma yana iya kuskure wa mutum ɗaya da bugu goma ko fiye.

Da zarar ka sami wannan lamba, mafi yawan atisayenka ya kasance a ƙasa da ita sosai, a matakin da za ka iya yin magana da cikakkiyar jimla ba tare da haki ba. Mutane da yawa suna jin kunyar irin wannan tafiya mai sauƙi, musamman da yake abokansu za su ga gudunsu a Strava, sai su mayar da kowace fita tsere, su wayi gari a gajiye ba tare da sun ƙaru da komai ba. Fita ɗaya mai tsawo a mako, wadda za ka riƙa ƙara mata lokaci kaɗan-kaɗan har ta kai awa biyar ko shida, da fita ɗaya ko biyu na hawa mai ƙarfi na minti 10 zuwa 20 sau uku, sun isa ga mai aikin yi da iyali. Abin da za ka riƙa dubawa a ƙarshen mako shi ne awannin da ka yi da mitocin da ka hau, domin kilomita 100 a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa da kilomita 100 a tsauni ba abu ɗaya ba ne. Bayan kowane mako uku na ƙari, ka rage nauyin atisaye na mako guda domin jiki ya murmure, haka kuma a kwanaki bakwai zuwa goma na ƙarshe.

Akwai wani lissafi da ba a cika kula da shi ba, alhali ya fi kowanne taimako wajen tsara wuni a tsauni, wato yawan mitocin da kake hawa sama a awa ɗaya. Ka duba hawan da ka saba yi a atisaye cikin natsuwa, ka ga abin da manhajar ta rubuta. Idan mita 700 ne a awa, to hawan mita 5,000 zai ci maka fiye da awa bakwai, ban da gangara da shimfiɗa da tsayawa cika gora. Daga nan za ka san ko za ka isa wuraren da masu shirya tafiya suke rufe hanya kafin lokacin da suka yanke, kuma za ka san yawan abincin da za ka ɗauka. Sai dai ka lura cewa na'urar da take auna tsayi da matsin iska ta fi wadda ta dogara da GPS kaɗai daidaito, saboda haka kada ka yi mamaki idan lissafinka ya saɓa da na abokin da kuka yi tafiya tare.

Kafin ranar, ka sauke taswirar hanyar a cikin na'urar da ke nuna maka lambobi a kan keke, ka gyara fuskarta ta yadda abubuwa huɗu kawai za su bayyana da manyan lambobi: ƙarfi ko bugun zuciya, saurin juya feda, lokacin da ya wuce, da sauran nisan hawan da kake ciki. Matsakaicin gudu ka cire shi gaba ɗaya, domin a tsauni ba ya gaya maka komai sai dai ya tayar maka da hankali. Ka cika batir, ka rage hasken fuska, kuma idan da waya kake amfani ka kashe duk abin da ba ka buƙata, don kada ta mutu maka a tsakiyar hanya. Ka kuma duba giyar kekenka: faifan sarƙa mai haƙora 34 a gaba da mai 32 ko 34 a baya su ne suke ba mai keken da ba ƙwararre ba damar juya feda sau 70 zuwa 80 a minti a kan hawa mai tsini, maimakon ya riƙa niƙa gwiwoyinsa.

Dutsen farko shi ne wurin da ake cin tafiya ko a zubar da ita. Jiki yana da sabo, iska tana da sanyi, ɗaruruwan mutane suna wuce ka, wasunsu ma sun girme ka nesa ba kusa ba, zuciya kuma tana raya maka cewa yau ranarka ce. A nan ne za ka yi wa lambar biyayya. Ka riƙe kashi 70 zuwa 75 cikin ɗari na FTP ɗinka, wato wat 160 zuwa 170 ga mai 228, ko kuma ka bar bugun zuciyarka ƙasa da na gwaji da bugu 15 zuwa 20. Na taɓa ƙin jin wannan a wata doguwar tafiya: na bi wata tawaga da ta fi ƙarfina na kusan awa guda, ina ganin lambar ta yi ja ina kawar da ido, har na ji daɗin cewa na karya tarihina a wannan hawan. A hawa na uku cinyoyina suka ɗaure, na zauna a kan wani dutse a bakin hanya, gumi ya bushe ya bar farin gishiri a rigata, ina kallon mutanen da na wuce da safe suna wuce ni ɗaya bayan ɗaya suna hira. Da na buɗe manhajar da daddare, wurin da na ɓata tafiyar yana nan ƙarara a cikin zanen ƙarfina da ta nuna, awanni huɗu kafin na ji shi a jikina.

Abinci ma da agogo za ka ci shi, kada ka jira yunwa. Ka sa na'urar ta yi ƙara kowane minti 20, ka ci wani abu mai sitaci ko sikari, ta yadda za ka sami giram 60 zuwa 90 a awa, ka sha ruwa kimanin rabin lita zuwa lita ɗaya gwargwadon zafin rana, da ɗan gishiri a ciki. Duk abin da za ka ci ranar ka riga ka gwada shi a atisaye, domin ciki ma yana buƙatar sabo.

Duk da haka lamba tana da inda take gazawa, kuma jiki magayi ne. Bugun zuciya yana jinkirin minti ɗaya ko biyu kafin ya nuna ƙarin ƙoƙari, sannan zafi da ƙarancin ruwa suna sa ya riƙa hauhawa da yamma ko da ƙarfin takunka bai canja ba. Sama da mita 2,000 kuwa iskar da kake shaƙa ba ta ba jiki abin da ta saba, saboda haka wat ɗin da kake samu a ƙasa ba za ka same shi a can ba, sai ka rage buri. Idan ka ji jiri, ko ciwon ƙirji, ko ka daina gumi alhali ana zafi, ka tsaya ka nemi taimako ko me na'urar take cewa. Ka tuna kuma cewa sanyi yana ƙaruwa da kimanin digiri 6.5 a kowane mita 1,000, don haka ka sa rigar iska a aljihu saboda gangara.

A gangara ka ɗauke ido daga na'ura ɗungurungum. Ka riƙe birki biyu, ka rage gudu kafin ka shiga kwana, ka dubi inda kake son keken ya bi. Masu shirya La Marmotte ma ba sa ƙirga lokacin gangarar Glandon, ɗaya daga cikin duwatsun tafiyar, saboda haɗarinta, kuma babu wani matsayi a jerin sunayen Strava da ya cancanci mutum ya sa ransa a kai.

Idan ka dawo, kafin ka ɗora tafiyar kowa ya gani, ka tabbata ka ɓoye farkon hanyarka da ƙarshenta a saitin sirri, domin taswirar fitarka ta kullum tana nuna ƙofar gidanka da inda kake ajiye keken. A 2018 taswirar da Strava ta wallafa ta tona wuraren wasu sansanonin soja saboda sojojin da suke motsa jiki da na'urorinsu a kunne. Bayan kwana biyu, idan ka huta, ka buɗe zanen ka kwatanta ƙarfinka a hawan farko da na hawan ƙarshe. Idan tazarar ta yi yawa, ka rage lambar da za ka fara da ita a tafiya ta gaba, ka rubuta ta a wurin bayanin tafiyar tare da abin da ka ci da lokacin da ka ci shi.