Yadda ake lissafa nisa da lokaci idan gudu bai canza ba

Duk motar da ke tafiya da gudu iri ɗaya, ba ƙari ba ragi, ana iya rubuta tafiyarta da daidaiton lissafi guda: d = vt + d₀. Harafin d shi ne nisanta daga mafari, v gudunta, t lokaci, d₀ kuwa inda take sa'ad da aka fara ƙirga lokaci. Idan aka zana wannan a takarda, lokaci a kwance nisa a tsaye, miƙaƙƙen layi ne zai fito, kuma gwargwadon gudun motar gwargwadon tashin layin.

A ganina, aikin da ya fi kowane muhimmanci shi ne zaɓen mafari tun kafin a rubuta ko lamba ɗaya, domin a nan ne ɗalibai da dama suke ruɗewa. Mu ɗauki hanyar Damagaram zuwa Maraɗi, wadda ta kai kimanin kilomita 240, mu mai da Damagaram sifiri. Bas ta tashi daga nan tana gudun kilomita 80 a awa, don haka d = 80t. A daidai wannan lokaci babbar mota ta baro Maraɗi da gudun kilomita 40 a awa, kuma tun da kusantowa take yi, nisanta raguwa yake: d = 240 − 40t. Alamar ragin nan ita ce ke nuna inda mota ta dosa, saboda haka kada a manta da ita. Za su haɗu a lokacin da nisansu daga Damagaram ya zama ɗaya, wato 80t = 240 − 40t, sai 120t = 240, t = 2. Bayan awa biyu ke nan, a kilomita 160, bas ɗin ta riga ta wuce Tasawa.

Idan wata mota ce ta riga wata tashi, sai a saka ratar a cikin d₀. Motar kaya ta bar tasha ƙarfe bakwai da gudun kilomita 50, bas ta biyo ta bakwai da rabi da gudun 75. Minti 30 rabin awa ne, 0,5 ke nan ba 0,30 ba, don haka motar kaya ta riga ta ci kilomita 25. Idan aka fara ƙirga lokaci daga tashin bas, daga 50t + 25 = 75t za a samu t = 1: bas za ta cim mata ƙarfe takwas da rabi, a kilomita 75. A mayar da amsar cikin kowane ɓangare a tabbatar duka biyun sun ba da 75.

Gaskiya ne direba yakan tsaya a shingen bincike, ko a Takeita don salla. A irin wannan hali sai a raba tafiyar gida-gida, kowane yanki da nasa daidaiton; lokacin tsayawa v = 0, layin ya kwanta, kuma nisan da aka tsaya a kansa shi zai zama d₀ na yankin da ke biye.