Yadda za ka rage wa amfilifayar jita mai bawul ƙarfi ba tare da ka kashe mata murya ba

Duk wanda ya haɗa amfilifayar jita mai bawul, wato kwalaben gilashin nan masu ƙara wa sauti ƙarfi, da hannunsa ya san inda gizo ke saƙar: muryarta ba ta fitowa sai an matsa mata. Ɗan kaushin nan mai daɗi, da yadda sauti ke ja kafin ya mutu, suna zuwa ne idan bawul ɗin ƙarshe, wanda ke tura sifika, ya cika ya fara tumbatsa. Kafin ya kai nan kuwa, sifika ta riga ta ta da unguwa. A gidan haya nake a Sabon Gari, ɗaki jikin ɗaki, kuma ƴar amfilifayata mai wat 5 kacal ta isa ta sa maƙwabciya ta aiko yaro ya ce, "Baba, wai Umma ta ce don Allah jariri ya yi barci." Kada ka raina wat 5. Sai an rage ƙarfi zuwa kashi ɗaya cikin goma kafin kunne ya ji kamar an raba ƙarar biyu.

Rage bolum ba ya magance wannan, domin yana hana bawul ɗin ƙarshe abincinsa ne kawai, sauti ya fito sumul ba gishiri. Dabarar ita ce ka rage babbar wutar da ke ciyar da bawul ɗin, wadda ake rubutawa B+ a zane. Idan wutar ta yi ƙasa, bawul zai cika da wuri, ya ba ka kaushin nan da ƙaramar murya. Ka raba wutar biyu, ƙarfin ya sauko kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Kevin O'Connor na kamfanin London Power da ke Kanada shi ya yi fice da wannan a ƙarƙashin sunan Power Scaling, sannan akwai sassauƙan tsari da ake kira VVR wanda Dana Hall ya yaɗa a tsakanin masu haɗa nasu. Irin sassauƙan zan nuna maka.

Kafin komai, duba yadda aka yi wa bawul ɗinka na ƙarshe bayas, wato abin da ke saita yawan wutar da zai riƙa ja ko ba a kiɗa. Idan akwai rizista daga katod, ɗaya daga cikin ƙafafun bawul, zuwa giraun, wato layin da ke haɗe da shasi (ƙarfen jikin amfilifaya), kamar om 470 ɗin da ke ƙarƙashin bawul 6V6 a tsarin Fender Champ 5F1, to ka huta: bayas zai riƙa sauka da kansa yayin da kake rage wuta. Haka abin yake a Tweed Deluxe 5E3 da Marshall mai wat 18 mai bawul EL84 biyu. Idan kuwa taka mai keɓantacciyar wutar bayas ce, sai an yi mata bolum mai hawa biyu da zai riƙa sauke bayas tare da B+, in ba haka ba bawul ya shaƙe, sauti ya dinga yankewa. Wannan aikin wata rana ne, kada ka fara da shi.

Kayan ba su da yawa. MOSFET guda, wato wani irin taransista, mai jure babbar wuta, bolum mai 1M wanda aka rubuta wa B1M, rizista biyu masu 100k, rizista mai om 10 wat 5, zena, wato dayod mai tsayar da wuta a wani awo, mai bolt 6.2 irin 1N4735, kafasita mai 22µF bolt 450, sai maika, wato siririn falle mai hana wuta ratsawa, da wosha ta roba da man shan zafi.

A kan MOSFET ɗin nan ne mutane ke faɗawa rami. Idan ka shiga shagunan kayan lantarki a Sabon Gari ka ce MOSFET kake nema, abin da za a fara miƙo maka shi ne IRF3205 ko IRFZ44N, don su masu gyaran inbata ke saye kullum. Bolt 55 kawai suke ɗauka. Ka ɗora musu bolt 350, ko ƙyaftawar ido ba za su yi ba. IRF840 yana jure 500, zai iya aiki a ƙaramar amfilifaya, amma ni na fi son IRFBE30 mai jure 800, saboda wutarmu ba ta da alƙawari, janareto kuma yakan yi tsalle idan an kashe masa kaya mai nauyi. In ba ka samu sabo da ka yarda da shi ba, duba matattun akwatunan wutar kwamfuta da tsofaffin talabijin, akwai masu jure 600 zuwa 900 a ciki, kuma wanda aka ciro sau da yawa ya fi wanda aka goge wa lamba aka sake bugawa. Ka nemi takardar bayaninsa a intanet ka tabbatar da lambar kafin ka saka.

Yanzu zare filogi daga bango. Kafasitocin ciki suna riƙe wutar da za ta iya kashe mutum ko da an kashe amfilifayar tun jiya. Ka sauke su ta rizista mai 100k wat 5 zuwa shasi, ka auna da mita, sai ka ga ƙasa da bolt 10 sannan ka sa hannu. Ban yarda da masu haɗa su da sukudireba ya yi tartsatsi ba, yana lalata kafasita, kuma ba ya tabbatar maka da komai.

Nemo wayar B+ da ta fito daga kafasitar farko bayan rektifaya (mai mai da wutar AC zuwa DC), wadda ke zuwa taransfomar sifika da sauran sassa. Nan za ka yanke. MOSFET zai zauna a tsakiya kamar kan famfo a jikin bututu. Idan ka riƙe shi rubutu na kallonka, ƙafafu ƙasa, daga hagu zuwa dama G ne, D, sai S. Ɓangaren kafasitar farko ya tafi D. Daga S ka sa rizistar om 10, ɗaya bakinta shi ne sabuwar B+ ɗinka, kuma a nan za ka ɗaura sabuwar kafasitar zuwa giraun. Bolum ɗin kuma, ƙafarsa ta sama ta je D, ta ƙasa ta bi ta 100k zuwa giraun, ta tsakiya ta bi ta ɗaya 100k ɗin zuwa G. Wannan ta biyun ka liƙa ta da dalma a jikin ƙafar G ɗin kanta, kada ka bar doguwar waya a tsakani, in ba haka ba MOSFET yakan kama wani kaɗawa da kunne ba ya ji amma yana dafa shi. Zena ta tsaya tsakanin G da bakin rizistar om 10 na waje, zobenta yana kallon G. Aiki biyu take yi: tana kare G, kuma tana taƙaita wutar da za ta wuce zuwa wajen miliamp 200 idan wani abu ya haɗe a gaba. Rizistar ƙasan bolum ita ke hana wuta sauka ƙasa da wajen bolt 30.

Abu ɗaya da ba a sassauci a kansa: wutar filet da ta sikirin, sassa biyu na cikin bawul ɗin ƙarshe da ke karɓar B+, su sauka tare. Ka rage filet ka bar sikirin a sama, sikirin zai ja wutar da ta fi ƙarfinsa ya yi ja ya ƙone. Wutar hita mai bolt 6.3 kuwa ba ruwanka da ita.

Sai zancen zafi, wanda shi ne rabin aikin. Duk wutar da ka hana bawul, MOSFET ne ke shanye ta ya mai da ita zafi. Ba a ƙasan bolum ya fi wahala ba, a tsakiya ne. Misali ya riƙe bolt 175, miliamp 20 na ratsa shi, wat 3.5 ke nan a ɗan abin da bai kai kan yatsa ba, kuma a mai EL84 biyu lissafin yakan ninka. Ka tuna da zafin Maris da Afrilu a Zariya, cikin akwatin da bawul ke hura wa wuta. Ka ɗaure shi a jikin shasi ko farantin alminiyam, nesa da bawul ɗin ƙarshe da taransfomar wuta. Amma bayan ƙarfensa a haɗe yake da D, wato cikakkiyar B+ ce a jikinsa. Saboda haka maika a ƙasa, man shan zafi sama da ƙasa, woshar roba a wuyan kusa. Ka goge bakin ramin da ka huda sosai, ɗan ƙarfe guda da ya tsaya zai huda maikar. Bayan ka ɗaure, sa mita tsakanin bayan MOSFET da shasi a sikelin da ke gwada haɗewa: in ta yi kuka, kwance ka sake.

Wane sashe za a rage wa wuta, duka ko na ƙarshe kawai? Idan ka bi abin da na faɗa a sama, duka amfilifayar ce ke sauka, har bawul 12AX7 ɗin gaba. Ya fi sauƙi, kuma har zuwa wajen rabi ba laifi. Ƙasa da haka za ka ji bolum ɗin jikin jita yana ƙarar yashi idan ka murɗa, domin girid, inda sigina ke shiga bawul, ya fara yoyon wuta. Maganinsa kafasita mai 0.1µF kafin girid, da rizistar 1M daga girid zuwa giraun. Ni dai na fi son barin 12AX7 da cikakkiyar wutarsa. Sai in ɗauko masa wuta daga ɓangaren D ta rizistarsa da kafasitarsa, in fara da 33k, in riƙa canzawa har mita ta nuna abin da take nunawa kafin aiki, shi ya sa yake da kyau ka rubuta awon kowane wuri tun kafin ka yanke waya. Sai dai fa in ka yi haka, dole ka ƙara bolum a gaban bawul ɗin ƙarshe, don siginar da ta dace da shi a bolt 350 ta yi masa yawa a bolt 80, sauti ya koma burtu. A tsarin Champ, cire 220k ɗin girid na 6V6 ka sa bolum mai 250k a gurbinsa. Kana rage wuta, kana rage shi, kunnenka ne alƙali.

Wajen gwaji, sifika a haɗe, kullum. Amfilifaya mai bawul da aka kaɗa ba sifika tana iya ƙona taransfoma. Ka jera kwan fitila na da mai wat 60 a layin wutar shiga, in ya haska ya tsaya da haske akwai haɗewa, kashe nan take. Maƙala mita tun kafin ka kunna, hannu ɗaya a aljihu, ka murɗa sabon bolum ɗin wuta a hankali ka ga lambobi na hawa suna sauka ba tsalle. Saukar takan ɗan yi jinkiri, kafasita ce ke juyewa. Sannan cire kwan, bar bolum ɗin wuta a tsakiya ka yi kiɗa na rabin awa, kashe, sauke wuta, ka taɓa shasin kusa da MOSFET. In yatsa ba ya iya zama a wurin, farantin ya yi kaɗan.

A can ƙasa sosai za ka ji kamar bes ya gudu. Ba laifin haɗinka ba ne, sifika ce ba ta motsa iska, kunne kuma ba ya kama ƙasan sauti idan ƙara ta ragu. In abin ya dame ka, canza 100k ɗin ƙasan bolum zuwa 220k, wutar ta tsaya a wajen bolt 60.