Kare wayoyin mota daga kurege da ɓera a Amurka da Kanada

Wanda ya sauka a Amurka ko Kanada ba ya daɗewa sai ya gane cewa da mota ake zuwa aiki, da ita ake kai yara makaranta, wasu kuma da ita suke neman abinci, ko dai su ɗauki fasinja ko su kai saƙo. Tsofaffin zuwa sukan ja kunnen baƙo game da ƙanƙara da dokokin hanya, amma ba kasafai suke tuna masa da kurege da ɓera ba, alhali kuwa suna iya kwantar da lafiyayyar mota a dare ɗaya.

Kuregen nan ba irin namu ba ne da ke haƙa rami a gonar gyaɗa yana gudun mutane. Na bishiya ne, mai ruwan toka, kuma ya saba da jama'a a birane irin su Toronto da Minneapolis da Columbus. Shi da ɓera haƙoransu na gaba ba sa daina girma, saboda haka dole su riƙa gwaguyar abu mai tauri. Daga watan Oktoba, lokacin da sanyi ya fara shigowa, ƙarƙashin bonet yakan zame musu ɗaki mai ɗumi da duhu. Nan ɓera yake yagar soson da ke jikin bonet ya yi sheƙa, kurege kuma ya tara 'ya'yan itatuwa, su bi wayoyi da tiyo suna gwaguya. A shekarar 2016 masu motoci sun kai Toyota da Honda ƙara a Amurka, suna zargin cewa robar da aka lulluɓe wayoyin da ita an haɗa ta da waken suya, wai shi ke jawo ɓeraye. Kada wannan ya sa mai tsohuwar mota ya saki jiki, domin ɓera ya daɗe yana cin waya tun kafin wannan taƙaddama.

Abin da ya fi damuna shi ne doguwar tafiya. Mutanenmu sukan tafi gida hutu ko biki, ko su tafi aikin Hajji, su bar mota wata guda ko biyu a gindin bishiya ko kusa da bola, kuma motar da ba ta motsi ita ce ɓera ya fi so. Kafin ku tashi, ku bar makulli a hannun ɗan'uwa amintacce wanda zai riƙa tuƙa ta sau ɗaya a mako, yana sauya mata wurin ajiya, yana kuma ɗaga bonet ya duba. Tayar da injin a bar shi yana aiki a tsaye bai kai fita da motar ba. Idan kuma kun dawo, kada ku murɗa makulli sai kun haska lungunan injin da tocila, domin busasshen ganye da takardun sheƙa suna iya kamawa da wuta idan injin ya yi zafi.

Sai batun abinci. Da yawanmu muna ajiye buhun shinkafa da gyaɗa da busasshen kifi a gareji, wuri ɗaya da mota, wanda hakan gayyata ce a fili. A zuba su cikin mazubi mai ƙarfi da murfi mai kamawa, a share ɓurɓushin biskit da yara suka zubar a kujerar baya, a kuma toshe kafofin gareji da soson ƙarfe, tun da ƙaramin ɓera yana iya kutsawa ta kafar da ba ta wuce milimita 6 ba.

Akwai magunguna iri-iri a kasuwa. Kamfanin Honda yana sayar da wani tef mai ɗauke da sinadarin yajin barkono da ake naɗe wayoyi da shi, kuma makanike zai iya naɗa shi a wuraren da aka taɓa ci. Man na'a-na'a da ake fesawa ƙamshinsa ba ya daɗewa, sai an yi ta sabuntawa, ni kuma ban ga hikimar dogaro da shi kaɗai ba. Guba kuwa ina ba da shawarar a guje ta, domin ɓeran zai iya mutuwa cikin bututun hita ya cika motar da wari, ko kyanwar maƙwabci ta ci shi ta jawo muku rigima. Tarko ya fi. Shi kuwa kurege, kowace jiha da dokarta game da kama shi. A lardin Ontario, alal misali, ba a yarda a saki dabbar dawa da aka kama nesa da kilomita 1 daga inda aka kama ta ba.

Ku binciki takardar inshorarku tun yanzu. Inshora mafi araha, wadda sabon zuwa ya fi saye, galibi ɓarnar da kuka yi wa wani take biya, ban da wadda ɓera ya yi wa motarku. Wadda takan biya ɓarnar ɓera ita ce wadda ta haɗa da sata da gobara da faɗowar bishiya, ita ma sai kun fara biyan kasonku. Garantin kamfanin mota galibi ba ya shiga wannan magana. Idan ɓarna ta faru, ku ɗauki hoton wayoyin da sheƙar kafin a taɓa komai.

Wajen tsabtacewa a yi hattara, saboda kashi da fitsarin wasu ɓerayen Arewacin Amurka suna ɗauke da ƙwayar cutar da ake kira hantavirus, wadda ke kama huhu kuma tana kisa. Kada a share da tsintsiya ko injin zuƙar ƙura. A buɗe ƙofofi iska ta shiga, a sa safar hannu, a jiƙa wurin da bilic kashi 1 cikin ruwa kashi 9, a jira minti 5, sannan a goge da takarda a ɗaure a leda. A kiyaye kada ruwan ya taɓa mahaɗar wayoyi, a kuma sa makanike ya canza matatar iska da ke bayan aljihun dashbod, domin ɓera yakan yi sheƙa a nan.