Babi na 4: Sa Rubutu a Silaid

Kun riga kun iya kunna kwamfuta da riƙe linzami. Yau za mu sa rubutu a PowerPoint, manhajar kamfanin Microsoft wadda malaman Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru suke haska darasi da ita a jikin bango. Kowane shafi a cikinta sunansa silaid. Ku kwantar da hankalinku, duk wanda ya iya rubuta sunansa zai iya wannan.

Darasi na 1: Shiga akwati

Da kun buɗe sabon aiki za ku ga farin shafi da akwati biyu. A na sama an rubuta Click to add title, a na ƙasa kuma Click to add subtitle. Ba sai kun goge wannan Turanci ba, da kansa zai ɓace.

Ku tura linzami a hankali har kibiya ta kai tsakiyar akwatin sama. Tsakiya na ce, ba gefe ba. Ku danna maɓallin hagu na linzami sau ɗaya, ku saki. To, ku tsaya. Kada ku taɓa haruffa tukuna. Ku zuba ido a cikin akwatin: za ku ga wani ɗan siririn tsinke a tsaye, yana ƙiftawa, ya bayyana ya ɓace. Inda tsinken nan yake, nan rubutu zai fito. Kun gan shi? Madalla. Yanzu ku rubuta: Noman Masara a Zariya.

Idan ba ku ga tsinken ba, ba ku shiga akwati ba. Mai rubutu bai shiga akwati ba kamar mai zuba ruwa a tulu ne bai cire murfi ba. Ku sake dannawa a tsakiya. Babu abin da zai lalace.

Mu maimaita. Ku danna farin fili a wajen akwati, tsinke ya tafi. Ku danna tsakiyar akwati, ya dawo. Ku yi haka sau 10, kuna faɗa da baki: danna, duba, rubuta. Baba, kai ma ka faɗa, ba abin kunya ba ne. Hajiya, kada ki bari ɗanki ya karɓe linzamin ya yi miki, hannunki muke so ya saba.

Akwai tarko a gefen akwati. In kibiya ta hau kan layin gefe, takan zama mai kai huɗu. Kuka danna a nan, akwatin gaba ɗaya kuka kama: kuka ja, ya bi ku, kuka danna maɓallin Delete da ke kan allon haruffa, ya tafi da rubutunku. In haka ta faru, ku riƙe maɓallin Ctrl da ke kan allon haruffa ku danna Z, abin zai dawo.

Wallahi abin da ke damuna shi ne gaggawa. Mutum ya sunkuyar da kai yana farautar haruffa, ya cika layi guda, ya ɗago ya ga wayam, ko rubutun ya faɗa wani akwati, sai ya ce kwamfuta ta ƙi shi. Ba ta ƙi ka ba, Malam, kai ne ba ka duba tsinke ba. Na faɗa, na kuma faɗa. Ku riƙa ɗaga kai bayan harafin farko!

Darasi na 2: Sabon akwati

Wani lokaci kuna son rubutu inda babu akwati. Ku danna Insert a layin sama, sannan Text Box. Ku zo kan silaid, ku danne maɓallin hagu, ku ja zuwa dama, ku saki. Ku duba tsinke kafin ku rubuta. Kada ku cika silaid da surutu, wanda ke zaune a bayan ɗaki ba zai iya karantawa ba.

Darasi na 3: Haruffa masu lanƙwasa

Yawancin kwamfutoci ba su da maɓallin ƙ, ɗ da ɓ. Ku shiga akwati, ku danna Insert, sannan Symbol, ku nemo su a can.

Darasi na 4: Ajiya

Ku riƙe Ctrl ku danna S, ku ba aikin suna. Ku yawaita yi, saboda ɗauke wuta. Sabon silaid kuma Ctrl da M.