In kana son shiga dirama a Akra, ga ta inda za ka fara

Yaran unguwa sun dame ni tun da suka ganni a talabijin, fitowar da ba ta kai minti uku ba ma, kowa yaya ta ina ake shiga, yaya ka kai ni wajen darakta. Toh bari in rubuta sau ɗaya kowa ya huta.

Kar ka fara da kamara, fara da dandamali. Kuma dandamalin yana nan ƙofar gidanku, diramar da 'yan makaranta ke yi ranar walimar sauka ko Maulidi a Nima da Mamobi da Sabon Zongo, wadda kake rainawa ɗin nan, ita ce makarantar farko. Agya Koo da ake ji da shi a Kumawood, wato harkar fim ta Kumasi, ai a konsat pati, wasan barkwanci na dandamali, ya yi suna, wanda ake yi a National Theatre ana nunawa a GTV, talabijin ɗin gwamnatin Gana, kafin ya koma fim. Mutumin da ya saba tsayawa gaban jama'a suna masa ihu, kamara ba ta ba shi tsoro.

Murya za ka fara gyarawa. Ka samu aboki ku je filin makaranta da yamma, shi ya tsaya can ƙarshe kai ka tsaya nan ka faɗi layinka ba tare da ihu ba, numfashin daga ciki zai fito ba daga maƙogwaro ba, in bai ji ba ka sake, haka kullum har ya zama yana ji kai kuma muryarka ba ta dishe ba. Kar ka juya wa 'yan kallo baya kana magana. In sun fashe da dariya ka dakata ta lafa tukun, in ba haka ba layinka na gaba ya bi iska. Kuma ka haddace layin abokin wasanka kamar naka, don ranar da ya manta kai za ka ɗauko shi.

Ka tara kuɗin tikiti ka je National Theatre, ginin da Sin ta gina aka buɗe a 1992, ka kalli wasa ko ɗaya ne, misali na marubucin dirama Uncle Ebo Whyte. Kar ka bi labarin kawai, ka kalli ƙafafunsu, ina suke tsayawa, yaushe suke motsi. Mai halin karatu kuma akwai sashen wasan kwaikwayo a jami'ar Legon, akwai makarantar harkar fim da talabijin da aka kafa tun 1978 da sunan NAFTI, wadda yanzu take ƙarƙashin jami'ar UniMAC.

Ranar da ka samu shiga talabijin sai ka juya komai. Duk zare ido da watsa hannun nan na dandamali ka rage shi sosai, kamara tana dab da fuskarka, ko gira ka ɗaga ta kama. Za su manna maka salatif a ƙasa, nan ne wajen tsayuwarka, ka taka shi ba tare da ka kalli ƙasa ba. Kar ka kalli idon kamara, kar ka daina wasa sai ka ji darakta ya ce kat. Sannan ka riƙe abin da ka yi, in kofin shayi yana hannun dama a ɗauka ta farko toh ko sau goma aka maimaita a dama zai zauna. Ni wlh na taɓa wanke rigar da na yi wasa da ita na shanya, washegari ruwa ya sauko ba ta bushe ba, da danshinta na saka na yini a lokeshin.

Wajen odishin ka shirya magana ta minti ɗaya da Turanci, wata da Tonanci wato Twi, wata da Hausa, ka ɗauka a waya jikin farar katanga haske na shigowa ta taga. Harsunan nan su ne jarin ɗan zongo. Amma ka sani da sun ji Hausa a bakinka sai su miƙo maka maigadi ko malamin tsibbu, na farko ka karɓa ka yi shi da kyau, na biyar kam ka nemi wani abu.

Duk wanda ya ce ka tura masa momo, wato kuɗi ta waya, kafin ya saka ka a fim, rabu da shi. Ka tambayi nawa za a biya ka, yaushe, da kuɗin mota ko babu, tun kafin a kunna kamara, kuma a rubuce ko a WhatsApp ne. Ƙanwata ke kuma in aka ce odishin a ɗakin otal ne da dare kar ki je, na rana ma ki tafi da yayanki.

Kar ka bar ɗinkinka ko shagonka tukun, rihasal yawanci da yamma ake yi. Kuma ka faɗa wa Baba da bakinka kafin ya ganka a akwatin maƙwabta.